Yadda Muka Riƙe Salla da Godiya a Gidanmu Bayan Jari Ya Karye, Maigida Ya Kwanta

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni mace ce mai 'ya'ya biyar, a Kano nake zaune, shekaruna sun haura arba'in. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na yarda na rubuta ta, domin da rufe sirrin gida aka raine mu, kuma har gobe ina ganin hakan daidai ne. Abin da ya rinjaye ni shi ne matan da nake haɗuwa da su a layin asibiti da wajen markaɗe. Sai ki zauna da mace ta fara ba ki labari, ki tarar rashin kuɗi da ciwo ba su ne suka fi cin ranta ba. Abin da ya fi damunta shi ne gidan ya koma babu mai yi wa wani magana mai daɗi, yara sun zama masu ƙunci, miji ya zama abin tsoro ko abin tausayi. Na san wannan hanyar, na bi ta gefenta. Zan sakaya sunaye, don labarin ba nawa ba ne ni kaɗai.

A wani ƙauye da ke ƙasar Dambatta aka haife ni. Babanmu manomi ne, gero da dawa da gyaɗa. Abin da na fi tunawa da shi shi ne muryarsa bayan sallar asuba, yana karatu a zaure har rana ta fito. Innarmu kuwa ita ke riƙe da awo. Idan damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, sai abincin gidan ya koma kwaɗon rama da tafasa da zogale, a barbaɗa ƙuli. Duk ranar da ta sauke tukunya, kome ƙanƙantarta, magana ɗaya take yi: "Alhamdulillahi, yau ma an rufa mana asiri." Sai da na girma na zo birni sannan na gane cewa a ma'aunin mutane talakawa ne mu. A gidan ban taɓa jin hakan ba.

An yi mini aure a 2001. Lokacin maigidana yaron shago ne a Kantin Kwari. Bayan wasu shekaru ubangidansa ya sallame shi da jari, ya buɗe nasa, yana sayar da atamfa da shadda da leshi. Allah Ya sa wa abin albarka. Yana da abokan ciniki daga Nijar da Chadi da Kamaru, masu zuwa sari. Muka kama haya gida guda, muka sa yara a makarantar kuɗi, ga firiza, ga janareta. Salla ba a wasa da ita a gidan, amma kowa tasa yake yi. Shi yana masallaci ko kasuwa, yara karatunsu yana hannun malaman Islamiyya, ni ina ɗaki. Haka gidaje da yawa suke a birni: ibada tana waje, a hannun liman da malam, gida kuma wurin ci ne da barci da kallo. Muddin ana cikin wadata, ba a ganin giɓin da ke cikin wannan tsarin.

Sai shekarar 2020 ta zo. Duk ɗan Kwari ya san cinikin shekara yana cikin azumi ne, lokacin kayan sallah. Maigidana ya zuba duk abin da yake da shi, ya kuma karɓo kaya bashi a hannun manyan diloli, ya cika shago da sito. A tsakiyar watan Afrilu aka sanar da kulle Kano saboda korona, kwanaki kaɗan kafin azumi, wanda aka ɗauka ranar 24 ga watan. Da farko an ce mako guda ne. Daga baya Shugaba Buhari ya ƙara wa'adin, aka rufe kasuwanni da masallatai, sai dai a sassauta ranar Litinin da Alhamis na wasu awanni a fita neman abinci. A cikin wannan watan ne dattawa suka yi ta rasuwa a Kano, kusan kowace unguwa da nata. Surukina yana cikinsu. Mutumin da in da lafiya lau ake, da jana'izarsa ta cika layi, mutane ƙalilan ne suka kai shi makwancinsa, ta'aziyya kuma ta waya aka yi ta.

A wannan azumin ne muka fara salla tare. Masallaci a rufe, ba tafsiri, ba tarawihi. Daren farko bayan buɗa-baki maigidana ya ce a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ya tsaya gaba, maza biyu a bayansa, ni da mata a sahun ƙarshe. Haddarsa ba mai yawa ba ce, daga Sabbi zuwa Nasi ne yake maimaitawa. Ga zafin Kano na bazara, ga rashin wuta, ga sauro. Amma yaran nan ba su taɓa jin muryar ubansu yana karatu a bayyane ba sai ranar. Da ya kai Walluha, inda Allah Yake ce wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Ubangijinka bai yi maka bankwana ba kuma bai ƙi ka ba, sai muryarsa ta karye. Mutumin da ya binne mahaifinsa, kayansa na kulle a kasuwa, masu bashi na jiransa. Da aka sallame babu wanda ya tashi. Muka zauna a nan har dare ya raba, yana ba yara labarin kakansu.

Da aka buɗe gari, sallah ta wuce, yayin kayan ma ya wuce. Aka karyar da su don a rage bashi. Ya yi ta fafutuka shekara biyu yana ƙoƙarin miƙewa, sai kuma ruwan daminar 2022 ya shiga kasuwar, ya jiƙa abin da ya rage a shagonsa na ƙasa. Daga nan ya zama mai yawan shiru. Kullum ciwon kai, sai ya aika kyamis a sayo masa maganin ciwon kai ya sha ya fita. Ashe hawan jini ne yake cinsa. Ina roƙon duk wadda take karanta wannan, in mijinki ya haura arba'in yana fama da tunani da ciwon kai, ki matsa masa a auna jininsa. Awon ba ya ɗaukar lokaci, ciwon kuma ba ya sallama kafin ya kayar da mutum.

Wata asuba a watan Fabrairun 2023 na ji buta ta faɗi a bakin rariya. Na fito na tarar da shi a zaune a ƙasa, bakinsa ya karkace, yana son ya kira ni amma magana ta ƙi fita. Maƙwabcinmu mai Adaidaita Sahu ne ya kai mu asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama, kuma ta taɓa magana. Lokacin ne ake tsakiyar wahalar canjin kuɗi. Akwai 'yan kuɗi a asusunsa, amma takardar naira ta gagara, in an tura ta waya sai ta maƙale, masu POS kuma babu ko suna da ita sai da la'ada mai nauyi. Ina tsaye a baranda da takardar magani a hannu, ban san inda zan nufa ba, sai wata mata mai jinyar mahaifiyarta a ɗakin mata ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, lafiya?" Na faɗa mata. Ta kwance haɓar zaninta, ta ƙirgo kuɗi tsofaffi da sababbi ta danƙa mini, ta ce in je in sayo, in Allah Ya hore in kawo, in bai hore ba ta yafe. A makon da mutane ke kwana a layin banki don dubu biyu ta yi mini wannan. Na mayar mata daga baya, amma har yau sunanta yana cikin addu'ar gidanmu.

Dangi sun zo da shawarwari. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce hassadar 'yan kasuwa ce, a ɗauke shi a kai wa wani mai magani a wani gari. Na tsaya a kan cewa zai ci gaba da shan maganin likita da zuwa gashin ƙashi, karatun Alƙur'ani kuma mu da kanmu za mu yi masa. Surukata Hajiya ta goya mini baya, shi ya sa maganar ta mutu. Ban so yarana su tashi da tunanin cewa duk abin da ya same su akwai wani maƙiyi a bayansa. Gidan da ake yawan zargi, godiya ba ta zama a cikinsa.

Firiza ta tafi, janareta ya bi ta, sai gadona da sarƙata da 'yan kunne. Kuɗin haya ya gagara, muka koma gidansu na gado a cikin gari, Hajiya ta ba mu ɗaki biyu. Na cire yara daga makarantar kuɗi na mayar da su ta gwamnati. Ana cikin haka, ranar 29 ga Mayu, 2023, sabon shugaban ƙasa Tinubu ya ce an janye tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin Adaidaita zuwa gashi ya ninka, awo ya tashi. Sai na kama sana'ar awara. In jiƙa waken suya tun dare, da sassafe a kai markaɗe, in tace, in ɗora a wuta, in zuba ruwan tsami ya dunƙule, in juye a ƙyalle in danne da dutse, da yamma in yanka in soya a ƙofar zaure. Da wannan muke ci, da shi muke sayen maganin hawan jini.

A watannin farko na komawarmu na ga abin da ya tsorata ni fiye da rashin kuɗi. Yara sun fara faɗa a kan loma. Babban ɗana, mai shekara goma sha biyar lokacin, ya daina zama a gida. 'Yan matan sun koma shiga ɗakin Abbansu a ɗarare, su ajiye abinci su fito da sauri, kamar baƙo ne a kwance. Shi kuma yana ganin komai, yana ji, ba ya iya magana, sai hawaye. Wata rana bayan magariba na tuna azumin kulle. Na ce wa Hajiya ina so mu dawo da sallar nan ta tare. Ta ce, "Ai da ma abin da ya kamata ke nan, 'yar nan. Ki tara su."

Tsarin da muka yi mai sauƙi ne. Daga an kira magariba, babban ɗana ya yi wa Abbansa alwala, a fito da shi a jingina shi da bango a kan tabarma. Yaron ya ja mu salla, uban yana binsa a zaune, tunda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Bayan an sallame babu mai tashi sai an yi isha'i. Kaskon awara ma a wannan lokacin saukewa nake, ko da masu saye suna jira, sun saba. A yi azkar, kowa ya biya abin da aka koya masa a Islamiyya, sannan a zo kan abin da na fi ba wa muhimmanci: kowa ya faɗi abu guda da ya faru a yinin da yake gode wa Allah a kansa.

Na kafa sharaɗi cewa ba a cewa "na gode wa Allah a kan komai". Gaskiya ne ni'imomin Allah ba sa ƙirguwa, Alƙur'ani ya faɗa, amma yaro in ka bar shi da "komai" to bai duba komai ba. Sai ya kama sunan abu. Da farko abin ya yi musu nauyi, sai 'yan dariya da sunkuyar da kai. A hankali suka saba, har ya zama tun da rana suna neman abin da za su faɗa da yamma. Wannan ta ce malamarsu ta yaba rubutunta. Wancan ya ce mai markaɗe ya yi masa ragi. Autata ta taɓa cewa ta gode wa Allah silifas ɗinta ya tsinke a ƙofar gida ba a hanyar makaranta ba. Hajiya kullum nata ɗaya ne, ta ce ta ga ɗanta ya kwana ya tashi. Ni kuma na lura da kaina cewa ina tsaye gaban wuta hayaƙi yana cin idona, amma zuciyata tana lissafin abin da ya tafi daidai a ranar.

Sharaɗi na biyu ya zo ne ta dalilin babban ɗana. Wani dare da layi ya zo kansa sai ya ɗago ya ce, "Umma, wai me za mu gode a kai? An cire mu daga makaranta, abokaina suna ganina da bokitin markaɗe, Abba ba ya magana. Ni ba ni da abin faɗa." Tsakar gidan ta yi tsit. Ƙannensa suka zuba mini ido suna jiran in yi faɗa. Na ji zafin maganar har cikin ƙashina, amma na san gaskiyar abin da yake ji ya faɗa, kuma ya fi mini ya faɗe ta a kan tabarmar nan da ya kai ta majalisar banza. Na ce masa, "Na ji, babana. Yau an ɗauke maka." Da kowa ya kwanta na same shi a zaure. Na ce masa Annabi Yaƙuba ya yi kuka a kan ɗansa har idonsa ya yi fari, ya ce yana kai ƙarar baƙin cikinsa ga Allah ne, kuma Allah bai kira shi butulu ba. Na ce daga gobe kowa yana da damar faɗin abin da ya ɓata masa rai, mu haɗu mu yi addu'a a kai, sannan a zo kan godiya.

Ya ɗauki lokaci yana faɗin ɓacin rai kawai, in an zo godiya ya yi shiru, ni kuma ban matsa ba. Ranar da ya buɗe baki ita ce ranar da suka dawo daga jana'izar mahaifin wani abokinsa. Ya ce, kansa a ƙasa, ya gode wa Allah da yake da uban da zai yi wa alwala. Abbansa ya miƙa hannun hagu ya dafa kansa. Tun daga ranar ban ƙara neman yaron nan a waje da magariba ba.

Akwai masu ɗaukar godiya a matsayin rufe baki, a ce wa mai ciwo ko mai rashi ya yi shiru kada ya zama mai butulci. Ban yarda da wannan ba. Mun sha masu zuwa dubiya da dogon wa'azin haƙuri, su tashi ba su tambayi ko an ɗora tukunya ba. Mun kuma ga waɗanda ba su iya magana ba, sai dai a turo yaro da kwanon masara bayan duhu ya yi don kada a gani. Na biyun su suka koya wa 'ya'yana addini. Duk wanda ya yi mana alheri, sai na tura yaro takanas ya je ya durƙusa ya yi godiya, da dare kuma a ambace shi a addu'a, domin hadisi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Tsohon ubangidan maigidana ya zo da kansa ya yafe kasonsa na bashin, ya kuma roƙi wasu dilolin su yi mana jinkiri. Maƙwabcinmu na da, mai Adaidaita, ya riƙa zuwa har cikin gari yana kai mu gashi a kuɗin mai kawai. Yarana sun san waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya.

Wani abin da na yanke wa kaina shi ne ba zan bari rashin lafiya ta sauke maigidana daga matsayinsa ba. Kwanon farko nasa ne. Yaro zai fita, sai ya shiga ya nemi izini, ko da kai kawai za a gyaɗa masa. Cinikin awara in na tashi, a hannunsa nake zubawa, da safe shi zai miƙa wa kowa kuɗin tara da hannun hagu. Yara sun san daga inda kuɗin ya fito, ban ɓoye musu halin da muke ciki ba, in babu ina ce musu babu. Amma ina so su ci gaba da karɓa daga hannun ubansu suna cewa "mun gode, Abba, Allah Ya ƙara lafiya." Shi ma na ga abin da hakan yake yi masa. Namijin da ya saba ciyar da mutane, ranar da ya ga ba a bukatarsa ciwonsa ninkuwa yake.

Maganarsa ta dawo ta hanyar da ban zata ba. Watanni yana fama, sunan yaransa ma in ya nema sai wani ya fito. Wata magariba autata tana biya Fatiha da ƙarfi irin na 'yan allo, tana ja tana rera ta. Da ta ce "Alhamdu lillahi" sai muka ji wata murya mai nauyi ta ƙarasa "Rabbil alamin". Muka waiga. Ita yarinyar ba ta ma tsaya ba, ta ci gaba, shi kuma yana binta aya bayan aya, harshe yana sarƙewa, yawu yana zuba ina goge masa, har suka kai ƙarshe. Hajiya ta fashe da kuka tana kabbara. Da na ba likita labari ya ce ana ganin haka, abin da mutum ya haddace yake maimaitawa tun yarinta yakan riga sauran magana dawowa, ya ce mu dage. Sai ya zama aikin auta ne kullum ta zauna gaban Abbanta su yi Fatiha da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi. Daga surori aka koma gaisuwa, daga gaisuwa aka koma sunaye.

Ba kowane dare ne mai daɗi ba. Akwai ranakun da na zauna a tabarmar nan jikina yana ciwo, raina a ɓace, abin da zan faɗa sai na lalubo shi da ƙyar. Akwai daren da abincin gidan gaba ɗaya gari ne da ƙuli. A irin wannan daren Hajiya takan ba su labarin da Nana A'isha ta bayar, cewa akan ga jinjirin wata uku a jere ba a hura wuta a gidajen Annabi ba, dabino da ruwa ne abincinsu. Yara sukan yi shiru su saurara, domin yanzu sun san abin da ake nufi da a kwana ba a hura wuta ba. Ko a irin wannan rana, in almajiri ya yi sallama, na saba musu a ba shi ko yanka ɗaya na awara ne. Ranar 1 ga Agustan 2024, da aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa aka sa dokar hana fita a Kano, na riga na yi awara babu mai saye. Muka rarraba wa maƙwabta ta kan katanga da ta zaure. Uwar kuɗin ta tafi, na kwana ina tunanin waken gobe. Da safe wata maƙwabciya ta aiko mini da rancen da na sake tayar da sana'ar.

Ayar nan ta Suratu Ibrahim, inda Allah Ya ce in kun gode zan ƙara muku, na daɗe ina tunani a kanta. Mu dai kuɗi ba su dawo ba, shago bai dawo ba. Ƙarin da na gani da idona a wani wuri yake. 'Ya'yana sun san juna, sun san ubansu fiye da lokacin da yake fita da safe ya dawo sun yi barci. Babbar 'yata ta sauke Alƙur'ani a wannan tsakanin, mafi yawan tilawarta a kan tabarmar nan ta yi ta. Ɗana da na ji tsoron zai lalace ya rubuta jarrabawar kammala sakandare, yana koyon ɗinki a wajen wani tela a unguwa, kuma shi ne mai tuna mini ranar komawa asibiti.

Yanzu maigidana yana tafiya da sanda, yana jan ƙafar dama. Hannun dama bai dawo ba. Magana tana fita a hankali, in ya gaji takan sarƙe. Yana zuwa masallacin unguwa sallar azahar da la'asar, Juma'a kuma ɗansa ya riƙe shi su tafi. Magariba da isha'i ya ce a bar masa su a gida tare da mu saboda duhu da ramukan lungu, kuma watannin nan shi yake jan mu a ranakun da harshen ya saki. Mun sa masa ɗan tebur a ƙofar gida, yana sayar da sabulu da ashana da magi da alawar yara, tsofaffin abokansa na Kwari sukan biyo su zauna su yi hira. Ni ina nan da awarata, na ƙara da kunun aya lokacin zafi. Bashin ya ragu amma da saura, muna biya kaɗan-kaɗan duk wata. Wanda ya karanta wannan ya sa mu a addu'a, Allah Ya ba maigidana sauƙin hannun nan, Ya ba mu ikon sauke nauyin mutane, Ya jiƙan surukina da sauran waɗanda suka riga mu.